Na koma ful-firem: wane lensi mara zum zan fara saya?

Mai Hoto Pantami:
Assalamu alaikum manyanmu. Kyamarata Canon 6D Mark II ce, ful-firem, wato mai babbar sensa, aikina kuma bukukuwa ne a cikin garin Gombe: kamu, ɗaurin aure, suna, sai hawan sallah shekara-shekara. Kuɗina na lensi biyu ne kacal, marasa zum. Tsakanin 35mm, 50mm da 85mm wanne da wanne? Kuma lensina na 18-55mm na tsohuwar kyamara zai hau?

Jekadafari Studiyo:
Wa alaikumus salam. In EF-S aka rubuta a jikinsa, ba zai hau ba, don ƙaramar sensa aka yi shi. Kada ka matsa masa.

Ka ɗauki 35mm da 85mm. A kan sensa mai 36 da 24mm, 35mm yana kwashe ɗakin amarya da ƙawayenta ko da bango ya tokare maka baya, inda 50mm zai sa ka yanke mutanen gefe. EF 35mm f/2 IS USM ya wadatar, kuma yana da maganin rawar hannu, abin da ke ceton mutum in wuta ta ɗauke. Sai dai kada ka kai shi kusa da fuska, hanci zai fito ƙato. Hoton fuska aikin 85mm ne, EF 85mm f/1.8 USM, ƙirar 1992 ce amma har yau fokas ɗinsa da sauri.

Malam Na Tudun Wada:
Na yarda da wannan zaɓi, amma ɗan'uwa ka san halin 85mm tun kafin ka biya. In ka buɗe idonsa gaba ɗaya, wato f/1.8 (ƙaramar lamba, ido a buɗe; babbar lamba, ido a tsuke), kana nisan mita 2, abin da zai fito ras bai wuce santimita 6 ba. Ango yana gaba kaɗan, amarya a baya, to ɗayansu zai fito dishi-dishi. Mutum biyu ka sa f/2.8 zuwa f/4, taron jama'a f/5.6 ko f/8.

Na biyu, farar shadda a rana. A buɗe gaba ɗaya yakan zana layin shunayya a gefen babbar riga da rawani. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne, in ka rufe zuwa f/2.8 yana raguwa sosai.

Na uku shi mutane ke mantawa. Da tsakar rana a ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske), f/1.8 yana neman shota, wato saurin ɗauka, wajen 1/8000 na daƙiƙa, kyamararka kuwa iyakarta 1/4000. Fari zai ƙone. Ko dai ka rufe idon lensin, ko ka sayi filtar ND8, gilashi mai rage haske, mai bakin 58mm. Na 35mm bakinsa 67mm ne, filta ɗaya ba za ta hau duka biyun ba sai da zoben haɗi.

Mai Hoto Pantami:
Allah ya saka da alheri. To hawan sallah fa? Kuma na hannu zan saya, me zan duba?

Malam Na Tudun Wada:
A ƙofar fada 85mm zai yi maka gajere sai dawakai sun matso. Wurin na 135mm f/2L ne, amma don yini biyu a shekara gara ka ara. Shota kada ta gaza 1/1000 in ana sukuwa.

Wajen saye, cire murfi biyun ka haska tocilan ta baya. 'Yar ƙura ba komai. Zane kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo-hazo kuma yana kashe kaifin hoto, ka mayar masa da abinsa. Ɗora shi a kyamararka, ba ta mai sayarwa ba. Jingina rula a karkace, sa fokas a lamba ɗaya a f/1.8, ka duba ko kaifin ya sauka gaba ko baya. In kuskuren ɗaya ne kullum, AF Microadjustment, saitin daidaita fokas na cikin menu, zai gyara. In yana yawo, bar shi. Ɗauki bangon bulo kai tsaye kuma: kusurwa ɗaya ta yi dishi-dishi, sauran lafiya, alamar ya taɓa faɗuwa ne.

Jekadafari Studiyo:
Ƙari ɗaya. Da hunturu kada ka canza lensi a fili. Kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka shiga mota ko zaure. Ka hure ƙura da robar hura iska kafin ka goge gilashin, don yashi na karce shi. Da damina kuma a ajiye shi cikin roba mai murfi da ƙullin silika, ba cikin jaka ba.