Albam ɗin waƙoƙin fim ɗin nan, a saya ko a bari?

Nasiru Direba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Fim ɗin nan da ake ta surutu a kansa tun bayan babbar sallah, wanda yarinyar ta baro birni ta koma wajen kakarta a ƙauye, sun fito da waƙoƙinsa daban, guda 11 ne, naira 2,500, ka yi tiransifa su turo maka ta WhatsApp. Jiya muna jiran layi a tashar Yankaba musu ya kaure, wani ya rantse asarar kuɗi ce wai waƙa biyu ce kawai ta sauraro sauran duk kiɗan tsofaffi ne. Ni kuma kun san yini nake a mota tsakanin Ringim da Kano, abin da zan saka ya kai ni ya dawo da ni nake so. Wanda ya ji shi gaba ɗaya ya faɗa min gaskiya.

Habu Mai Caji: Wa alaikumussalam. Mutumin nan gaskiya ya faɗa maka Nasiru. Ni nake zaune da kwamfuta ranar Lahadi a Gujungu, ni nake ganin abin da mutane suke tambaya a zuba musu a memori, wlh ta farko da ta huɗu kawai ake cewa, masu fiyano ɗin nan na rawa. Ban ga mutum ɗaya da ya zo ya ce a sa masa ta gurmin ba. Uku ma a ciki babu murya sam, kiɗa ne zalla wanda ake sakawa a ƙarƙashin magana idan ana kuka a fim, toh wa zai biya kuɗi ya ji wannan? Ka riƙe kuɗinka ka ƙara a mai.

Kawu Sale: Habu wace ce kake kira ta tsofaffi?

Habu Mai Caji: Ranka ya daɗe Kawu ba ni na sa mata sunan ba, haka yara suke cewa.

Kawu Sale: To ku saurara. Ni ban cika kallon finafinan nan naku ba, jikata ce ta kunna a tsakar gida ina gyaran galma na ji gurmi, sai da na ajiye aikin na ce ta mayar baya. Shekara nawa rabon da in ji gurmi na gaske a sabuwar waƙa? Nan ƙasar tamu ce fa ta fitar da Haruna Uji na Haɗeja, muna samari idan aka saka shi a rediyo ko mai shayi sai ya rage hayaniya. Tun da aka shigo da fiyanon Yamaha ɗin nan cikin harkar fim komai ya koma sauti ɗaya, ka ji waƙa goma kamar uwa ɗaya ta haife su, namiji ya yi baiti mace ta amsa, irin na Indiya da muka riƙa kallo a silima a Kano. Yanzu an samu yaro ɗaya ya ɗauko mai gurmi ya kai shi sitidiyo ya biya shi, ku kuma kuna cewa kar a saya. Gobe wa zai sake ɗauko shi?

Sadiƙu: Kawu Allah ya ƙara girma, ni na saya, na kuma ji shi da abin kunne ya fi sau biyar don haka bari in faɗi abin da na ji. Gurmin na gaske ne wannan ba musu, kana jin yatsa yana goga tsirkiya har da ɗan kaucewar da hannu yake yi. Amma kalangun da ke waƙa ta shida da ta tara ba mutum ne ya kaɗa ba, na kwamfuta ne. Kalangu ai matse shi ake yi a hammata a saki, shi ya sa yake hawa yana sauka kamar yana magana, duk wanda ya saba jin makaɗan Shata ya san haka. Na cikin albam ɗin nan bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa daga farko har ƙarshe ba ya motsi. Abin da ya ɓata min rai kenan, an tallata mana cewa kayan kiɗan gargajiya ne gaba ɗaya alhali rabi da rabi ne.

Kawu Sale: Wannan kam ka fi ni kunne a nan ɗana, ban kai ta shida ba. Idan haka ne sun yi kuskure, makaɗan kalangu ba su ƙare a Kano ba, duk mahautan da ke kasuwa sun san inda suke.

Nasiru Direba: Toh Sadiƙu ka yi da-na-sanin kuɗinka kenan?

Sadiƙu: A'a ban yi ba, amma ba zan ce maka duka 11 ɗin sun cancanta ba. Biyar nake komawa kansu. Abin da ya sa ban yi nadama ba shi ne sautin. Wanda ake yawo da shi a Xender daga jikin fim ɗin aka yanko shi, an matse shi ya zama ƙarami, ga maganar 'yan wasa a kai, wani wajen ma kana jin ƙarar ƙofa. A sifikar waya ba za ka gane ba amma kai da za ka saka a mota bambancin a fili yake, na asalin ƙasan kiɗan yana fitowa sosai.

Yaya Binta: Ku maza duk kun tsaya kan gurmi da kalangu kun manta ta bakwai. Waƙar kakar nan da aka yi da kiɗan ƙwarya irin na amada, wadda matan suke amshi. A fim ɗin ko minti ɗaya ba ta kai ba aka yanke aka koma kan saurayin, ni har haushi na ji, ashe a albam ɗin cikakkiya ce ta fi minti shida. Ranar sunan gidan maƙwabtanmu ita muka saka tun la'asar, tsofaffi har da masu hawaye don ta tuna musu da Barmani Choge Allah ya jiƙanta, tun rasuwarta a 2013 ba mu ƙara samun mai yi mana irin wannan ya shiga ko'ina ba. Kuma muryar matar ba a bi ta da na'urar nan mai sirantar da murya ba, ka ji mace babba tana waƙa da muryarta ta Allah. Habu kai maza ne suke zuwa teburinka a kasuwa, mu muna cikin gida, ba ka san abin da muke nema ba.

Habu Mai Caji: Yaya Binta ai yara kuke aikowa da memorin, kuma ba su taɓa ce min ta bakwai ba.

Yaya Binta: Don ba ka da ita cikakkiya ne, guntuwar ce a wajenka, sau biyu ina aikowa.

Habu Mai Caji: Toh naji. Amma ku duba lokacin da muke ciki, damina ce kowa kuɗinsa ya tafi taki da 'yan ƙwadago, gero bai shigo ba. Mutum ya ɗauki 2,500 ya ba waƙa? Ni shawarata mutum ɗaya ya saya, tunda Sadiƙu ma ya riga ya saya ya turo min kawai in zuba wa kowa a naira 100, Yaya Binta ta samu ta bakwai ɗinta Kawu ya samu gurminsa shikenan kowa ya huta.

Malam Idi: Habu a nan ne zan sa baki. Saye ko rashin saye ra'ayi ne, wanda bai ga dama ba ya bari ba wanda zai kama shi. Ni kaina ba zan saya ba, akwai baiti biyu a waƙa ta huɗu da ba zan so 'ya'yana su haddace ba, ko da yake na san akwai Hukumar Tace Finafinai a Kano tun 2001 kuma aikinta ya haɗa da waƙoƙi, tacewar hukuma daban tacewar uba a gidansa daban. Amma abin da ka kawo yanzu wani abu ne. Mutane sun kashe kuɗinsu, sun biya sitidiyo sun biya mai gurmi da matan amshi, sun ce ga farashin kayansu, kai kuma ka karɓa a bayan idonsu ka sayar ka ci riba. Da wani ya shiga gonarka ya yanki riɗi ya kai kasuwa me za ka kira shi? Ko a dokar ƙasa ma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma ni ba tsoron hukuma nake nuna maka ba, haƙƙin mutane nake ji maka.

Habu Mai Caji: Allah ya gafarta Malam na ji kuma ban raina ba, amma a duba min nima. Da can ana buga kaset da faifai, dillalai su saro a Ƙofar Wambai su kawo ƙauye kowa ya ci abinci, mai fim ya samu ɗan kasuwa ya samu. Yanzu wannan kasuwar ta mutu, komai ya koma YouTube da Audiomack, mutumin da ke rugar da ko sabis babu sai ya hau tudu ina zai ga datar da zai saurara? Mu ne muke kai musu waƙar har inda suke, mawaƙan nan da yawa ta hannunmu aka san su a karkara kafin a fara gayyatarsu biki. Wlh da za su ce ga kuɗin izinin turawa na masu shago da ni zan fara biya, ko dubu goma ce, in san ina sayar da halak ɗina.

Malam Idi: To ka tambaye su mana. Lambar da ake tura kuɗin ai ta mutum ce, ka kira ka ce kai mai turawa ne a Gujungu kana son izini. In sun yarda ka samu, in sun ƙi ka bar musu kayansu.

Sadiƙu: Ni dai Habu ka yi haƙuri ba zan turo ba, da sharaɗin haka na karɓa.

Ummi: Ni tambayata ɗaya Yaya Sadiƙu, ukun nan marasa murya da gaske ba su da amfani? Don ni wajen da kakar ta rasu kiɗan sarewar nan ne ya sa ni kuka ba maganar ba.

Sadiƙu: Ita ce ta goma, tana cikin biyar ɗin da na ce. Da daddare nake saka ta idan ina karatu. Sauran biyun kam gajeru ne, cike gurbi aka yi da su.

Nasiru Direba: Toh na gode kowa da kowa. Yadda na lissafa, ta gurmi, ta ƙwarya, ta sarewa da biyun da fasinja za su so, biyar kenan, kowace ta tashi a 500, kuma zan yi wata da watanni ina ji. Kalangun kwamfutar nan ya rage min zafi gaskiya don da shi na fi sa rai, idan na tura kuɗin sai na rubuta musu haka a ƙasa. Sai ranar Lahadi in Allah ya kai mu bayan na yi lodin kasuwa zan tura. Kawu ranar Litinin in za ka shiga Kano ka zo ka zauna gaba, ta gurmin zan fara sakawa daga Ringim.

Kawu Sale: Allah ya kai mu. Ka zo min da wuri, ƙarfe bakwai ina bakin titi.

Habu Mai Caji: Sadiƙu turo min lambar tasu kawai, gobe zan kira.