Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta tsaya ita kaɗai a majalisar Amurka

Yaya Hadi: Raina a ɓace yake wallahi. Jiya a majalisarmu na ce ƙanwata ta samu gurbin karanta aikin jin daɗin jama'a, sai wani ya fashe da dariya, wai karatun rabon sabulu a gidan marayu. To ya je ya tambayi labarin Barbara Lee. Wannan fannin ta yi digiri na biyu a kai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1975, ta buɗe cibiyar kula da masu taɓin hankali, ta yi aiki a ofishin ɗan majalisar wakilan Amurka Ron Dellums, a 1998 ta gaji kujerarsa. Ranar 14 ga Satumba 2001, da aka kaɗa ƙuri'ar ba Shugaba Bush izinin yaƙi bayan harin 11 ga Satumba, 420 suka ce e, ita kaɗai ta ce a'a. Jaruma kenan!

Ɗan Fagge: Jaruma kuma? Wane fim ta fito?

Yaya Hadi: Kai dai ba ka da aiki sai shiririta.

Malam Na Zariya: A'a, yana da gaskiya. 'Yan fim sun lalata kalmar nan. Jarumi a Hausar asali wanda ya shiga fagen daga ne. Mai danna maɓalli cikin sanyin AC sai dai a ce mai ra'ayi.

Maman Ilham: Malam, kwana 3 fa da rushewar benayen New York, ƙasa tana tafasa. Barazanar kisa aka yi ta aiko mata har sai da aka haɗa ta da 'yan sanda masu gadi. In wannan ba jarumta ba ce, mece ce?

Malam Na Zariya: Ƙuri'arta ta hana bam ɗaya sauka a Afganistan?

Maman Ilham: To Sarauniya Amina kaɗai za mu kira jaruma kenan, tunda taku ce ta Zazzau.

Malam Na Zariya: Hajiya, ki bar Zazzau a inda kika gan ta.

Ɗan Fagge: Zage-zagi an taɓo muku waje mai ƙaiƙayi!

Baban Sadik: Ku bar batun mace. Clement Attlee ya yi aikin taimakon yaran talakawa a gabashin Landan, ya zama Firayim Ministan Birtaniya a 1945, a zamaninsa aka kafa tsarin asibiti kyauta a 1948. Shi ne misali.

Kwamared: Misalin me? Yana kan mulki 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu a 1949. Jin ƙan nasa bai ƙetaro teku ba.

Maman Ilham: Tsaya tukuna Baban Sadik, me kake nufi da "ku bar batun mace"?

Baban Sadik: Ni ban ce komai ba.

Maman Ilham: Ka ce mana, ga shi nan a rubuce. Haka kuka yi mana ranar rabon kuɗin adashe.

Yaya Hadi: Jama'a, maganar karatun ƙanwata fa nake yi.

Ɗan Fagge: Allah ya ba ta sa'a. Amma har yanzu ba a faɗa min sunan fim ɗin ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda da Malam cewa ba a kiran ɗan siyasa jarumi, balle na Amurka. Attlee kuma Kwamared ya gama da shi. Maganar adashe an rufe ta tun bara, kada a sake tayar da ita a nan.

Maman Ilham: "Kusan kowa" su wa? Kai da surukinka?