Monita mai 165Hz ga mai ƙaramin kuɗi: damfara ce ko ciniki?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wanda zai ji haushi ya ji, amma abin da ake yi wa yara a harkar monita, wato allon kwamfuta, a garin nan na Kano damfara ce. Yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar, ya zo da PS4 ko laftof ɗin ofis ta hannu, ya ce yana son allon da zai buga gem ya kuma yi lilo a intanet. Sai a sauko masa da kwali mai 165Hz (sauya hoto sau 165 a daƙiƙa) da 1ms (wai saurin sauya launi) da manyan baƙaƙe, a ce ita ce ta 'yan gem. Alhali PS4, har da Pro, ba ta fitar da hoto sama da 60 a daƙiƙa. Ko allon 240Hz ka haɗa mata, 60 ɗin nan za ka gani. Laftof ɗin da ba ta da katin girafik na daban kuwa, gem mai nauyi ko 60 ba za ta kai ba. To kuɗin sauran ɗari da biyar ɗin na mene ne? Abin da ya dace da shi inci 24, nau'in allon da ake kira IPS, ɗigo 1920 x 1080 (wato 1080p), mai 60 ko 75Hz. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Mai Shago a Titin Beirut: Wa alaikumus salam. Malam ka janye kalmar damfara tukuna, sannan mu yi maganar Hz. Damfara ita ce a karɓi kuɗinka a ba ka abin da ba shi ba. Idan kwali ya ce 165 kuma allon yana yin 165, wa aka damfara? Mutane na fitowa tun safe suna neman halalinsu, kai ka zauna ka yi musu kuɗin goro.

Na Hotoro: Alhaji, in ba damfara ba ce ai algus ne. Ka san na'urar yaron ba za ta ci moriyar abin ba, ka yi shiru don ribarsa ta fi. Hadisi ne sananne cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Mai Shago a Beirut: Algus ɓoye aibin kaya ne. Wane aibi ne a allo mai sauri? Ƙarin alheri ne ma, gobe ya sayi PS5 ba sai ya canja ba. Kada ka jawo hadisi inda bai shiga ba, ɗan uwa.

Na Hotoro: Wanda ya yi wata da watanni yana tarin kuɗin allo shi ne zai sayi PS5 gobe?

Injiniyan Sabon Gari: Ku bari a sa lissafi. Allon 60Hz yana sauya hoto duk bayan miliseƙan (ɗaya bisa dubu na daƙiƙa) 16.7. Na 75Hz 13.3, na 120Hz 8.3, na 144Hz 6.9, na 165Hz kimanin 6. Ku duba da kyau: daga 60 zuwa 120 an rage fiye da 8, daga 144 zuwa 165 ko ɗaya bai cika ba. Don haka wanda ya ƙara kuɗi saboda 165 a kan 144 bai sayi abin da idonsa zai gani ba. Amma Ɗan Gwale, ka yi kuskure a gefen lilo. Jan shafi sama da ƙasa da motsin linzami ba sa buƙatar katin girafik mai ƙarfi, ƙaramar laftof ma tana iya tura 120Hz a shafin intanet, kuma rubutu ba ya dusashewa idan kana ja. Matsalar ita ce sau da yawa Windows yana barin allon a 60 sai ka canja da kanka. Ka shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka zaɓi adadin a wajen refresh rate. Idan 60 kaɗai ya fito, duba waya da ƙofar da ka soka. Ƙofar HDMI 1.4, wadda ke jikin yawancin laftof ɗin ofis na hannu, tana ɗaukar 1080p a 120, wasu su kai 144. HDMI 2.0 da DisplayPort 1.2 suna kai 240 a 1080p. Ƙofar VGA kuwa ka manta da ita a wannan zance.

Ɗan Gwale: Injiniya ka ƙara min hujja ne. Mai shagon da bai nuna wa yaro wannan saitin ba, ya bar shi yana kallon 60 a allon 165, me sunan abin da ya yi?

Mai Shago a Beirut: Sunansa ciniki. Shago ne, ba makaranta ba. Kuma har yanzu ba ka janye ba.

'Yar Tarauni: Don Allah yayyena, ana neman wa ƙanina ne, PS4 da laftof duka zai riƙa haɗawa. Inci 24 ko 27? Kuɗin ba yawa.

Mai Gidan Gem a Kurna: Hajiya ku saya masa talabijin inci 32 ku huta. Ƙwallo mutum biyu ake bugawa, wa zai matsu a gaban inci 24? Ga sifika a jiki, ga rimot, ga kallo idan an gama. 'Yan kwamfuta ne suke ruɗa mutane da monita.

Ɗan Kabuga: Oga ka ji tsoron Allah. Talabijin inci 32 masu araha da yawansu 1366 x 768 ne, su ne ake rubuta wa HD Ready. Ka buɗe shafin jarida a kai daga nisan tebur ka ga yadda haruffa ke farfashewa. Sannan talabijin tana sarrafa hoto kafin ta nuna, shi ya sa za ka danna fasin ka ga ɗan wasa ya yi jinkiri.

Mai Gidan Gem a Kurna: Sai ka kunna Game Mode, jinkirin ya ragu sosai. Wannan kowane yaron gidan gem ya sani. Ku da ba ku iya riƙe fad ba sai linzami, ku ne za ku koya mana ƙwallo?

Ɗan Kabuga: Ba kowace ƙaramar talabijin ce ke da shi ba. Kuma gem ɗin harbi da linzami a 144 ba a haɗa shi da fad a 60. Ku tsaya a ƙwallonku.

Mai Gidan Gem a Kurna: PS5 ma tana yin 120 a Fortnite da Warzone, ba ku kaɗai ba ne.

Injiniyan Sabon Gari: Hajiya, amsarki 24. Ga dalili. Ɗigon hoton 1080p adadinsu ɗaya ne, kusan miliyan 2 da dubu 74, ko allon ƙarami ne ko babba. A inci 24 ana samun kamar ɗigo 92 a kowane inci, a 27 su koma 82, a 32 su faɗo 69. Girman ya ƙaru, kaifin rubutu ya ragu. Inci 27 sai da 2560 x 1440 yake kyau, nan ne ake samun 109, amma ya fi tsada, ɗigonsa sun fi na 1080p da kusan kashi 78 cikin ɗari, wato nauyi ga laftof, kuma PS4 ta yau da kullum a 1080p ta tsaya. Ki tabbatar akwai HDMI a jiki, biyu in da hali, don kada ya riƙa cire waya yana sakawa har ƙofar ta yi lako-lako. Kada a karɓi mai VGA kaɗai da sunan za a sa kwanbata: sai an kashe HDCP, wato kariyar hana kwafar hoto, a saitin PS4, wasu kwanbatocin sai an ba su wuta ta USB, kuma VGA ba ta ɗaukar sauti. Maganar sauti, monita da yawa ba su da sifika. A duba ko akwai ramin iyafis a baya, in babu ya soka a jikin fad ɗin PS4, akwai rami a ƙasansa.

Mai Gyara a France Road: Duk kun bar abin da ke kashe monita a Kano kuna faɗa a kan lamba. Wuta ce da zafi da ƙura. Allon da wutarsa ke ciki, idan aka kawo wuta da ƙarfi ko janareta ya yi hawa da sauka, bod ɗin wutar ne ke tafiya, sai an kwance. Alamar farko, ka kunna fitilar gaba ta yi ta ƙiftawa, hoto ya zo bayan minti biyu ko ya zo ya ɗauke. Ka buɗe za ka tarar da kafasita sun kumbura a ka, wani har ya yi tsatsa-tsatsa a saman. Mai adafta a waje ya fi sauƙin sha'ani, adaftar ce ke ƙonewa ka sayi wata. Sai dai a karanta takardar baya: LG da yawa 19V ne, Samsung da yawa 14V, wasu 12V. Bolt ɗin dole ya zo daidai, amfiya kuwa daidai ko sama. Kada a ɗauki cajar laftof don bakinta ya shiga. Mai sola ya nemi LED, inci 24 tana cin wat 15 zuwa 30. Tsofaffin masu kauri masu fitilar kwalba suna cin ninkin haka, ga zafi. A sa abin kariyar wuta a soket, a cire filogi idan an ɗauke wuta, a rufe da ƙyalle lokacin hunturu bayan ta huce.

Shugaban Zaure: Shi ya sa na hannun ofis suka fi. Dell P2419H ko HP E243, IPS, 1080p, 60Hz, ƙafarsu tana hawa tana sauka tana juyawa. An ƙera su don aikin yini guda.

Mai Shago a Beirut: Shugaba kai ma kayanka kake talla. Na hannu ba garanti, ba ka san shekara nawa ta yi a kunne ba. Araha ba ta ado. Sabuwa kamar AOC 24G2, IPS ce, 144Hz, da FreeSync mai daidaita saurin allo da na gem, ga kwalinta ga rasit.

Mai Gyara a France Road: Na hannu ana gwadawa ne, ba a saye da ido. A je da filashi ko laftof da hotuna biyar: fari tas, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi, kowanne ya cika allo. A fari ake ganin mataccen ɗigo da tabon dannawa da rawaya-rawayar tsufa a gefe. A baƙi, ka sa a rage hasken shagon ko ka kare da hannu, za ka ga ɗigon da ya maƙale da launi da hasken da ke tsiyaya ta kusurwa. Rage haske zuwa ƙasa ka ɗora kyamarar waya, idan ka ga layuka na gudu to fitilar tana ƙyafƙyaf, mai dogon karatu zai sha ciwon ido. Gwada kowace ƙofa, ka ɗan girgiza wayar da ka soka. Bar monitar a kunne minti 15 zuwa 20, wasu sai sun ɗau zafi suke nuna hali. Shekarar ƙira tana takardar baya. Idan ba ƙafa, duba ramuka huɗu na VESA a baya inda ake ɗaura ƙafa, yawanci milimita 100 x 100.

Ɗan Kabuga: Ni dai allo nau'in VA na fi so, baƙinta baƙi ne na gaske, bambancin haske da duhu kusan 3000:1, IPS kuwa wajen 1000:1.

Injiniyan Sabon Gari: VA mai araha tana jan inuwa a wuri mai duhu, farin rubutu a baƙin shafi ma idan ka ja sai ya yi jela. A nan ne maganar 1ms ta shigo. Sau da yawa MPRT ake nufi, wato fitilar baya ce ke ɗaukewa tana dawowa tsakanin hotuna. Haske yana raguwa, kuma a yawancin allo ba ya aiki tare da FreeSync. Ainihin saurin sauya launi, GtG, ya fi haka jinkiri. Overdrive, saitin ƙara wannan saurin, a bar shi a tsakiya, idan aka kai shi ƙarshe sai farar inuwa ta riƙa bin abu.

Ɗan Gwale: Alhamdulillahi! 1ms ɗin ma ba ita ba ce. Alhaji, yanzu fa?

Mai Shago a Beirut: Ni na buga kwalin? Ka je ka kira masu masana'anta 'yan damfara. Mu abin da aka rubuta muke karantawa.

Na Hotoro: Mai tallan abin da ya san ba haka yake ba yana da kasonsa.

Mai Shago a Beirut: Kai malamin fiƙihu ne ko ɗan gem? Ka tsaya wuri ɗaya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kalmar damfara ta yi nauyi, Ɗan Gwale ya nemi afuwar 'yan kasuwa. Na biyu, masana sun nuna cewa yawan Hz da 1ms rubutun kwali ne kawai, mai ƙaramin kuɗi ba ya buƙatarsu. Na uku, an yi ittifaƙi cewa monitar ofis ta hannu, inci 24, IPS, ita ce ta fi ƙarko da sauƙi, in dai an gwada ta yadda mai gyara ya faɗa. Zancen talabijin ba na wannan zauren ba ne.

Injiniyan Sabon Gari: Shugaba, ban ce Hz rubutun kwali ne kawai ba. Na ce tazarar 144 da 165 ce ba ta da yawa. Mai kwamfuta da katin girafik ko PS5, 120 ko 144 ta cancanci kuɗinta. Kuma ba a yi ittifaƙi a kan na hannu ba.

Ɗan Gwale: Ni kuma ban janye ba.

'Yar Tarauni: To yaya Injiniya, ta hannun ko sabuwar?

Injiniyan Sabon Gari: Tunda PS4 ce, ta hannun ta wadatar idan ta ci gwajin launuka biyar ɗin. P2419H ɗin HDMI ɗaya gare ta kuma ba sifika, sai PS4 ta hau HDMI, laftof ta hau DisplayPort ko VGA gwargwadon ƙofar da take da ita. Ku je da laftof ɗin da wayar HDMI taku, kuma a rubuta muku a rasit kwana nawa za ku iya dawo da ita.