Kwana biyu a Istanbul bayan sarin kaya: ina za a leƙa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. In Allah ya yarda mako mai zuwa zan shiga Istanbul sarin kaya, kuma in na gama da kasuwar unguwar Laleli ina da rarar kwana biyu. Tun ranar da Malam ya kawo zancen masana taurari na Daular Usmaniyya ta Turkiyya abin yake raina. Ina zan je in ga abin da suka bari da idona?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Fara da masallacin Sulaimaniyya, da ƙafa ma za ka isa daga Laleli. Allah ya kai ka lafiya.

Malam na Ƙofar Mata: Hajiya ta faɗi daidai. Sinan, babban maginin daular, shi ne ya gina shi daga 1550 zuwa 1557, kuma kabarinsa na nan a gefen harabar. In ka shiga kada kallon ƙubba ya ɗauke maka hankali gaba ɗaya. Akwai ɗan ɗaki a saman ƙofar shiga, can iska ke kai hayaƙin fitilu, a kankare baƙin a yi tawada da shi. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo ya san hikimar da ke ciki.

Ɗan Kwari: Ni gargaɗi zan yi maka, Alhaji, don abin da ya same ni bara har yau yana min ciwo. Taswirar Piri Reis, kwamandan jiragen ruwan daular, ta 1513 na je nema, wadda aka zana a fatar barewa, ga gaɓar Afirka ta Yamma ga ta Barazil, shekara 21 kacal bayan tafiyar Kolumbus zuwa nahiyar Amurka. A bakin fadar Topkapi wani ɗan jagora ya tare ni, ya rantse zai kai ni gabanta. Na biya shi, na biya kuɗin shiga na mutum biyu. Muka yi ta zagaye ɗakuna, takubba, tufafin sarakuna, tangaran na Sin, har la'asar ta kawo jiki. Da na matsa masa sai ya ja ni shagon tsaraba ya nuna min kwafi a takarda. Wani ma'aikaci ne ya ji tausayina ya ce ta ainihi tana ajiye a ɗakin littattafan fadar, ba kasafai ake fito da ita ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, yini guda ne na rasa, washegari kuma jirgi. Fadar ta cancanci gani, amma ka shiga da kanka, kuma ban da Talata, a rufe take.

Auta: Sannu Yaya. Allah ya mayar da alheri.

Malam na Ƙofar Mata: Abin da kake nema, Baban Ummi, yana lambun Gülhane, ƙasan fadar. Akwai gidan tarihin kimiyya da fasahar Musulunci da marigayi Fuat Sezgin, masanin tarihin kimiyya, ya assasa, an buɗe shi a 2008. Taragon kan titi daga Laleli zai sauke ka a ƙofar lambun. Kayan ciki kwaikwayo ne da aka ƙera bisa bayanin tsofaffin littattafai, ka sani tun yanzu. Amma gidan duban taurari na Taƙiyyuddin, babban masanin taurarin daular, kada ka wahala nemansa. An gina shi a 1577, Sarki Murad na Uku ya sa aka rushe a 1580. A daidai lokacin masanin taurari Tycho Brahe yake nasa awon a Denmak, ya shekara kusan 20 yana rubutawa, mataimakinsa Kepler ya gaji lissafin ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana. Kayan aikin Taƙiyyuddin da na Tycho sun yi kama. Ɗaya an bar shi ya ci gaba, ɗaya an tsayar da shi a shekara uku. Wannan ne yake ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Injiniya: Ni a ganina ɗab'i ne ya raba gardama, Malam. Gutenberg ya buga littafi da inji a Jamus wajen 1455, Ibrahim Muteferrika na Istanbul bai fitar da littafinsa na farko ba sai 1729.

Hajiya Babba: Kada ka ce babu injin a garin. Yahudawa sun buga littafi a Istanbul tun 1493.

Injiniya: Da haruffan Ibraniyanci, Hajiya. Ni na Turkanci da haruffan Larabci nake nufi.

Kanuribe: Kun manta a zamanin Murad ɗin nan Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu Istanbul, kuma har Turkawa masu bindiga ya samu a rundunarsa. Mu da su tun da can ne.

Jauro: Bindiga dai, Babarbare. Mu namu Muhammad al-Fulani al-Kashnawi lissafi ya kai Masar, ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Kanuribe: Bakatsine ne, Fulani suka yi masa rijista.

Jauro: Ka sake karanta sunan a hankali.

Auta: Don Allah Baba Alhaji in akwai wuri a kaya a taho min da abaya biyu, baƙa da ruwan toka.

Baban Ummi: Turo awo ta waya, Auta. Malam, shi wannan al-Kashnawi, an san makarantar da ya yi karatu kafin ya tafi hajji?