SLI da CrossFire: ina ganin "luguden kati" ya dace

1/ 'Yan uwa masu haɗa kwamfuta, akwai kalmar da nake so mu tsayar. A kan "katin hoto", sunan da muke kiran na'urar da ke zana hotunan wasa a cikin kwamfuta, ba ni da ja. Abin da ya rage shi ne sunan dabarar nan ta saka kati biyu su yi wa wasa ɗaya aiki, wadda Nvidia ta fito da ita da sunan SLI a 2004, ATI ta biyo baya da CrossFire a 2005.

2/ Ana cewa "tagwayen kati", wasu kuma "haɗakar kati". Ban gamsu da su ba, domin suna sa mai saye ya zaci ƙarfi zai ninka. A yawancin wasanni bi da bi katunan suke aiki: wannan ya zana hoto ɗaya, wancan ya zana mai bi masa. Kuma dole kowanne ya ajiye kwafin bayanai iri ɗaya. Shi ya sa kati biyu masu ma'ajiyar bayanai ta 8GB kowanne, wasan 8GB yake mora, ba 16 ba.

3/ Shawarata "luguden kati". Taɓarya biyu, turmi ɗaya, wannan na sauka waccan na tashi. Har cutar abin kalmar ta ɗauko, don lugude ba ya daɗi sai saukar ta daidaita. In tazarar da ke tsakanin hotuna ta saɓa, za ka ga adadin hotuna a daƙiƙa ya hau, amma wasan yana ɗingishi a ido.

4/ Wani zai ce ai abin ya mutu. AMD, wadda ta sayi ATI, ta ajiye sunan CrossFire a 2017, Nvidia ta daina fitar da sababbin saitin SLI daga farkon 2021, katinta RTX 4090 ma ya fito ba wurin saka gada, wato mahaɗin da ke haɗa katunan biyu. Haka ne. Amma tsofaffin katuna na nan a hannun mutane, kuma har gobe ana tambaya: in ƙaro na biyu, ko in sayar in sayi babba guda? In don wasa ne, sayi guda ɗaya. Na biyun wuta zai ci, ya ƙara zafi, sababbin wasanni kuma ba su ma san da shi ba.

5/ Masu aiki da Blender, manhajar zanen 3D, da ke saka kati biyu, naku daban ne: ba kwa buƙatar gada, kowane kati nasa kason yake ɗauka. Wannan mu kira shi "rabon aiki", kada mu haɗa shi da lugude.