Tambaya kan fiƙe cibiyar taya a ƙananan motocin katako na tsere

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma a zangon karatun da ya wuce wani ɗan'uwana mazaunin Amurka ya aiko mini da kayan haɗa ƙananan motocin katako guda 12, irin waɗanda 'yan sikawut na can suke tsere da su a gasar Pinewood Derby, wadda Don Murphy ya fara a shekarar 1953 a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya. A kowane kwali akwai guntun katako ɗaya, da tayoyin roba huɗu, da ƙusoshi huɗu waɗanda tayoyin suke juyawa a kansu. Motar ba ta da inji, daga saman gangare ake sakinta, nauyinta ne kaɗai yake gangaro da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin ya wuce oza 5, wato kimanin giram 142, tsawon kuma kada ya wuce inci 7.

Wani kafinta ya haɗa mana gangaren, ɗalibai suka sassaƙa motocinsu, muka gwada. Abin da ya dame ni shi ne motar wata ɗaliba wadda ta fi kowa kula da aikinta, nauyin ya cika daidai, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Da na duba sai na ga cibiyar tayar, wato ɗan bututun da ya fito ta ciki inda ƙusa take shiga, tana gugar jikin katakon har ta bar zane. Na karanta cewa masu wannan gasa sukan fiƙe bakin cibiyar ya yi tsini kaɗan. To amma mu a aji muna koyar da cewa ƙarfin guga bai dogara da faɗin wurin da ya taɓa ba, don haka me fiƙewar za ta ƙara? Idan kuma tana da amfani, ta yaya za mu yi ba tare da injin sassaƙa ba, alhali ba mu da tayar canji ko ɗaya?

Injiniya, Ƙofar Marusa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuke koyarwa daidai ne, kuma fiƙe cibiyar ma yana da amfani, babu saɓani tsakanin biyun. Fiƙewar ba ta rage ƙarfin gugar, wurin da gugar take aiki ne take matsarwa kusa da ƙusa. Abin da yake rage wa taya gudu shi ne ƙarfin gugar idan aka ninka shi da nisan da ke tsakanin wurin gugar da tsakiyar tayar. Ka kifar da keke a gaban ɗalibanka, ka juya tayar gaba, ka ɗora yatsa a gefen tayar, za ka ga ta tsaya nan da nan. Ka sake juyawa ka ɗora yatsan da ƙarfi iri ɗaya a kusa da tsakiya, za ta daɗe tana juyawa. Haka abin yake a motar. Idan bakin cibiyar a shafe yake, kuma tayar ta ɗan karkata, gefen waje na cibiyar ne yake cin katakon, wato wuri mafi nisa daga ƙusa. Idan aka fiƙe shi, ɗan zoben da ke kewaye da ramin ne kaɗai zai taɓa, kuma duk lokacin da aka rage wannan nisa da rabi, an rage birkin da rabi.

Sai dai kada a fiƙe shi har ya zama kaifi, domin kaifin zai nutse cikin katako mai laushi ya haƙa rami, a koma gidan jiya. A bar ɗan siririn zobe a shafe. Sannan ina so ka lura da cewa taya mai tafiya sak ba ta yawan jingina da jikin mota, saboda haka zanen da ka gani yana iya nuna cewa ƙusar ce ta shiga a karkace tana tura tayar ciki. Ka ɗora motar a kan tebur mai santsi, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya na teburin, ka sake ta. Idan ta karkata hagu ko dama, ko ka ga taya ɗaya ta manne wa katako ba ta saki, to matsalar daga ƙusar take, kuma fiƙe cibiya ba zai warkar da ita ba.

Kafinta, Daura:

Allah ya gafarta Malam, ni ban san lissafin da Injiniya ya kawo ba, amma na san katako da ƙusa, kuma tun muna yara muke yin motar kara da tayar tsohon silifa. Kada ka ɗaura tayar roba a injin huda ka sake shi da gudu, domin roba tana ɗaukar zafi ta narke, ramin ya faɗaɗa, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Ka samu guntun katako mai tauri kamar maɗaci, ka ɗan taɓa shi da bakin babban ƙarfen huda yadda zai bar rami mai kama da mazurari, marar zurfi. Ka manna sanfefa mai laushi a cikin ramin, ka kafa siririn ƙarfe mai santsi a tsakiya wanda ramin tayar zai shiga ba tare da matsi ba. Sai ka zura tayar, cibiya tana kallon ƙasa, ka ɗiga ruwa kaɗan, ka murza da hannu sannu a hankali, kana ƙirga murzawar domin tayoyin huɗu su zo iri ɗaya. Ka fara da sanfefa mai lamba 400, ka gama da 1000.

Kada ka manta da katakon kansa. Wurin da cibiyar take taɓawa a goge shi, a shafa masa banish ko jan farce marar launi, a bari ya bushe sosai, a sake gogewa, domin roba a kan ɗanyen katako ba ta zamewa. Ƙusar ma ka ciro ta ka shafa ƙarƙashin kanta da farce, za ka ji wani ɗan tudu da injin ƙera ƙusa ya bari. Ka cire shi da ƙaramin magagari, ka goge har ta yi sheƙi. Wajen mayar da ita, ka sa katin cirar kuɗi tsakanin taya da katako, ka tura ƙusar har ta tsaya, sannan ka zare katin, tazarar ta isa.

Malamar Lissafi, Ƙofar Sauri:

Malam, ina da ƙari biyu. Kada a bari ɗalibai su ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki, musamman yanzu da hunturu ya shigo, domin mai yana kama ƙura ya zama laka a cikin ramin. Masu gasar busasshen garin girafait suke amfani da shi, kuma idan babu, a goga bakin fensir mai laushi irin 6B a bakin cibiyar da jikin katakon, tun da fensir mai laushi ya fi yawan girafait da ƙarancin yumɓu. Na biyu kuma, a can Amurka ba kowace ƙungiya ce ta yarda a taɓa siffar taya ba, wasu sun hana, wasu sun amince da gogewa kawai. Tun da kai ne mai shirya gasar, ka rubuta ƙa'idar kafin a taɓa ko taya ɗaya, kuma idan za a fiƙe, a ba kowane ɗalibi kayan aikin da lokaci iri ɗaya, kada a gyara wa yarinya ɗaya a bar sauran.

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan an tashi na yi gwajin tebur da Injiniya ya faɗa, kuma motar ta karkata dama tun kafin ta kai ƙarshen teburin. Da muka ciro ƙusar baya ta hagu sai muka tarar ta shiga a karkace, ga kuma tudun da Baba Kafinta ya ambata a ƙarƙashin kanta. Ɗalibar da kanta ta goge ƙusar ta mayar da ita da katin, ba mu taɓa cibiyar ba tukuna, domin ina so mu auna kowane gyara shi kaɗai mu rubuta sakamakonsa a allo. Baba Kafinta, zan shigo Daura ranar Asabar in sha Allahu. Idan na kawo taya ɗaya, za ka iya yi mana wannan katakon mai rami a kan awonta?