Na fesa maganin ciyawa atrazine da damina, zan iya dasa tumatir a wurin?

Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. A watan Yuni na fesa atrazine a gonar masarata da ke bakin fadama, yanzu na girbe ina so in dasa tumatir da ɗan alayyahu a Nuwamba, sai maƙwabcina yace in yi hattara wai maganin na nan kwance a ƙasa zai ƙona min dashe. Wlh kuɗin iri da taki bashi na ciwo, hankalina bai kwanta ba.

Malamin gona: Wa alaikumus salam ɗan uwa, maƙwabcinka yana da gaskiya. Masara tana iya narkar da atrazine a jikinta shi yasa baya taɓa ta, amma tumatir da wake da alayyahu basu da wannan ƙarfin. A ƙiyasi rabinsa yana tafiya cikin kamar kwana 60, wata 4 saura kashi ɗaya cikin huɗu, kaga zuwa Nuwamba ya ragu sosai amma bai ƙare ba. Kuma lissafin yana canjawa, in ƙasar na da danshi da zafi da takin gargajiya ƙananan halittun cikinta suna saurin cinye shi, in ta bushe ko mai kanwa ce sai ya daɗe fiye da haka. Ka bi awon da ke jikin robar kuwa?

Mai tambaya: Gaskiya Malam na ɗan ƙara, ciyawa ce ta min yawa bara.

Wani dattijo: To yaro kar kayi caca da dashenka, ka tambayi ƙasar da kanta. Ɗebo ƙasa wuri 5 a gonar har da bakin kunya inda mai feshi yake juyawa, zuba a robobi, ka ɗebo wata daga inda ba'a fesa ba, ka shuka wake a duka kana ban ruwa. Sati 3 zaka gani, in gefen tsofaffin ganye ya fara rawaya yana ƙonewa to maganin yana nan, sai ka maimaita masarar rani a wurin.

Wata 'yar uwa: Ni rijiya nake ji muku. In ƙasar jigawa ce ruwa yana wanke shi ya gangara ƙasa, dalilin da Tarayyar Turai ta hana shi kenan a 2004. In akwai rijiyar sha kusa da gonar a kula dan Allah.

Mai tambaya: Nagode Baba, Allah ya saka muku da alheri. Akwai rijiya kuwa Yaya, ta ban ruwa ce amma yara suna sha, zan hana su. Gobe da sassafe zan ɗebo ƙasar in sha Allah.